Kanumfarin Mutumin Gashuwa

Shekaru masu yawa ni ne mai ja wa Malam baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarmu a Nguru. Ni in karanta aya, shi ya fassara, tun bayan la'asar har rana ta yi ja. Buzuna manne da nasa, kafaɗa na gugar kafaɗa. Ban taɓa zaton wani mahaluki zai zauna a wurin nan ina raye ba.

Sai ga wani mutumin Gashuwa, ɗan masunta, ya tare a unguwar yana sayar da bandar kifi. Karatunsa ba laifi, amma bai kai nawa ba, har yau kuwa ina kan wannan magana. Haƙoransa farare tas, asuwaki kullum a aljihu. Ni kuwa goro na gada wurin mahaifina, jan haƙori a wurina adon manya ne.

Ana gobe azumi ya aiko mini da ƙullin kanumfari da asuwaki uku. Na ce lalle baƙon nan ya san girman na gaba da shi. Kanumfarin na bai wa iyali su zuba a kunu, asuwakin na rabar. Alhali a wajenmu ba a duban dattijo a ce masa bakinsa yana wari. Kanumfari ake aika masa, ya gane da kansa. Ni da na sha aika wa waɗansu, da abin ya zo kaina ban gane ba.

Na ga Malam yana jan rawani bisa hanci in na matso, sai na ɗauka warin azumi ne, wanda ba abin kunya ba ne. Da shekara ta kewayo ya kira ni gefe.

"Alaramma, idonka ya soma gajiya. Ka huta, ɗan'uwanka ya kama maka."

Idona kuwa garau yake.

Wata guda na yi a sahun gaba ina kallon mai kifi bisa buzuna. In ya ja aya jama'a su yi kabbara, ni kuwa in ji kamar ana zuba mini barkono a ƙirji. Na kasa kunne ko zai yi tuntuɓe in gyara masa a bainar jama'a, bai yi ba. Mafi ciwo, Malam kan sunkuya har kusa da fuskarsa su yi raɗa, su yi murmushi.

Bayan Sallah na tafi Gashuwa na kai wa yayata kuka, na ce ɗan garinsu ya yi mini asiri.

"Matsa can tukuna," in ji ta. "Ƙanena, ba wanda ya yi maka asiri. Bakinka ne. Tun bara in kana gaishe ni nake riƙe numfashi."

"Haba Yaya, ai warin azumi ne."

"Wane azumi? Ba yanzu ka share mini kwanon tuwo da miyar kifi ba?"

Washegari ta tasa ni gaba har asibiti. Likitan haƙori ya sami wani matauni ya ruɓe, dasashi ya kumbura. Aka cire shi, aka kankare dattin goron shekaru. Ya umarce ni da goge haƙora safe da yamma, da goge harshe, da kurkure baki bayan goro, da yawaita shan ruwa. Na bi, warin ya ɗauke.

Na komo Nguru ina jiran Malam ya kira ni. Bai kira ba, ni kuma girmana bai bar ni in roƙa ba.

Har yanzu mutumin Gashuwa ne bisa buzun. Kullum ya gan ni sai ya rusuna ya gaishe ni, ni kuma in matsa kusa da shi ƙwarai in amsa, ina jan numfashi a hankali. Akwai ƙullin kanumfari da na ajiye masa a akwati. Ban sami dalilin aikawa ba tukuna.