Gidan da Joda Ya Kushe

Duk wanda ya san layin masu gyaran babur a Bolari ya san shagon Malam Joda, domin shi kaɗai ne a layin yake warin maganin dabbobi maimakon baƙin mai. Dogon mutum ne, siriri kamar karan dawa, mai tafiya a hankali kamar har yanzu akwai garke a gabansa. An haife shi a wata ruga yamma da Dukku, ya yi kiwo har ya tara gemu, sannan ciwon huhu ya shiga shanun gidansu ya yi musu kwasar kaza da tsaba. Ya shigo Gombe da matarsa Kadijatu da akwati ɗaya. Shekara goma sha tara yana sayar da allurar shanu da maganin tsutsa da kanwar lasa, duk a gidan haya, kuma abin bai taɓa hana shi barci ba. Cewa yake yi, wanda ya tashi a bukkar da ake kwancewa a ɗora wa takarkari ba zai yi wa bulo kuka ba.

Sai ga shekarun tashin hankali. Garin ya cika da mutanen Damaturu da Biu da Buni Yadi, motoci na shigowa da katifu a ɗaure a sama, tukwane na leƙe ta taga. Wata safiya mai gidan hayar ya zo da kansa, ya daɗe yana gaisuwa yana murza hula, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi: 'yan'uwansa iyali uku sun gudo, suna kwana a barandar makaranta. Ya ba Joda zuwa mako guda bayan babbar salla. Joda bai ga laifinsa ba. Ya tafi ruga ya sayar da 'yan shanun da ƙaninsa ke riƙe masa, ya dawo ya yi kwana biyu ba ya ko amsa sallama da ƙarfi, sannan ya nemi Bamanga dillali.

Bamanga sa'ansa ne, gajere mai tumbi, mai waya biyu da tsohon babur. Ya san kowane gida da ke neman mai saye tun daga Bolari har bakin gari. Abin da bai sani ba shi ne, Joda bai iya sayen komai ba sai yadda ake sayen saniya.

A kasuwar shanu, wanda ya nuna yana so ya sayi tsada. Idan karsana ta kwanta maka a rai, sai ka ɓata fuska, ka ce ƙafarta gajera ce, idonta na mai jinya ne, uwarta ma ka san ta, ba ta da nono. Mai ita ba ya fushi, ya san waƙar, shi ma haka yake yi in ya zo saye. Sai ka juya ka yi tafiyarka, ka dawo kasuwar mako mai zuwa kamar hanya ce ta biyo da kai. Haka Joda ya ga ubansa yana yi, kuma uban bai taɓa faɗuwa a ciniki ba.

Gidan farko a unguwar Malam Inna yake, ɗaki biyu da zaure. Joda ya zagaya shi, ya bubbuga bango da tafin hannu kamar mai duba haƙarƙari, ya ce rufin ya tsufa, ya fita. Ya yi kwana bakwai cif bai waiwaya ba. Ran na takwas da suka koma shi da Bamanga, suka iske shanya a igiya da wata tsohuwa 'yar Biu tana tankaɗe a tsakar gida.

A hanyar dawowa suka sauka a shingen sojoji, kamar yadda doka ta ce, suna tura babur a ƙasa. Bamanga na haki yana wa'azi.

"Joda, gida ba karsana ba ne. Ba ya jiran kasuwar Laraba."

"Abin da ke tsaye wuri ɗaya, ina za shi?"

"Shi ba ya zuwa ko'ina. Mutane ne ke zuwa masa."

Gida na biyu na magada ne, an yi ciniki har an yi addu'a, sai wani ɗa ya bugo waya daga Legas ya ce bai yarda ba. Na uku kuwa maƙwabci ne ya tashi ya ce shi ya fi cancanta a fara yi wa tayi, mai unguwa kuma ya gaskata shi. Duk lokacin da ciniki ya rushe, Joda kan dawo shago ya jera kwalabe, ya ce dama rabon wani ne, kuma dama gidan bai yi masa ba. Kadijatu dai ta fara ɗaure kwanukanta a tsofaffin zannuwa tana jerawa a bakin ƙofa, inda dole sai ya tsallaka su kafin ya fita masallaci.

Ana saura kwana goma sha ɗaya wa'adi ya cika, Bamanga ya kai shi Gabukka, can inda gari ke ƙarewa gonaki su fara. Mai gidan wata dattijuwa ce, Mama Elizabet, unguwarzoma da ta yi ritaya. 'Ya'yanta sun matsa mata ta koma Kaltungo kusa da dangi, tunda zaman birni ya zama na kasa kunne. Ɗaki uku ne da rijiya, da bishiyar gwaiba da ta sunkuya kan katanga kamar mai gulma da maƙwabta. Tsakar gidan na da faɗi, iska na shigowa daga gonaki ɗauke da ƙamshin gero mai nuna. Joda ya tsaya a tsakiya, wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda rabonsa da ji tun yana yaro a bayan garke da hantsi.

Bamanga ya ga Joda ya tsuke baki ya kawar da kai. Ya riga ya gane mutumin: iyakar so, iyakar kushe.

"Wannan katangar," in ji Joda, "makaho ne ya ɗora ta?"

Bamanga ya yi tari.

"Ƙofar nan kuma da ƙafa aka auna. Rijiyar ma, in ka jefa guga sai ka aika masa da guzuri."

Mama Elizabet ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta a hankali.

"Makahon mijina ne," ta ce. "Noah sunansa. Shekara shida yana ɗora ta da hannunsa, kullum bayan ya taso daga aiki, ni ke miƙa masa bulo. Malam Bamanga, fitar min da baƙonka. Ko a tirela zai kawo kuɗinsa, ba zan sayar masa ba."

A shingen sojoji ranar babu wa'azi. Bamanga ya tura baburinsa shi kaɗai a gaba, Joda na biye kamar wanda aka kora daga biki.

Kadijatu ta saurari labarin tana dama fura. Da ya gama ta tambaye shi abu ɗaya.

"Malam, gidan ya yi maka?"

"Ba laifi."

"To, ya yi maka ke nan sosai. Shekara talatin ina tuƙa maka tuwo, ranar da na fi ƙwarewa abin da na samu ke nan, ba laifi. Ni na iya karanta ka. Baiwar Allahn nan ina ta san ka?"

"Haka ake ciniki."

"Haka ake cinikin abin da ke cin ciyawa. Saniya ba ta da mijin da ya mutu." Ta miƙa masa ƙwaryar. "In bukka za mu koma, ka faɗa min tun yanzu in fara yankan kara."

Kwana biyu yana jujjuya maganar. A tarbiyyar da ya samu, namiji ba ya yabon abin da yake so a gaban mutane. Ko sunan ɗansa na fari ba ya kira, balle ya tsaya gaban wata mata yana cewa gidanta ya sace masa zuciya. Amma kwanukan bakin ƙofa sun kai gwiwa. Ran na uku ya ɗauki kwalbar man shanu da Kadijatu ta cika, ya roƙi Bamanga ya sake kai shi.

Suka same ta a ƙarƙashin gwaiba tana tsince wake. Ta ba su tabarma, ta karɓi man shanun ta sunsuna, ta ce a gode wa uwargida. Sannan ta sanar da su cewa wani mutumin Potiskum zai zo da la'asar, kuma shi bai zagi kowa ba.

"Mama, na yi kuskure," in ji Joda. "Ki yi haƙuri."

"Ni ba ka yi min komai ba. Gidan ka zaga. Faɗi abu ɗaya mai kyau da ka gani a cikinsa, in ji da kunnena."

Joda ya dubi katanga, ya dubi rijiya, ya dubi Bamanga. Bamanga ya duƙufa kan wayarsa kamar an aiko masa da wahayi.

"Gidan dai," in ji Joda, "ba laifi."

"Naɗe min tabarmata."

Sai Joda ya miƙe, amma ba ƙofa ya nufa ba. Ya je ya dafa katangar, ya shafa ta tun daga sama har ƙasa, ya yi irin 'yar ƙarar da makiyayi ke yi da harshe idan zai kwantar wa dabba hankali. Yabo iri ɗaya tak ya iya a duniya, kuma ba da Hausa ya koye shi ba. Ya buɗe baki da Fulatanci, murya ƙasa-ƙasa, sannan ta ɗaga. Ya kira gidan farar saniya mai hasken safiya, mai faɗin ƙugu, wadda ba ta gudun ruwan sama. Ya ce ita ce mai shiga gaba a mashaya, mai inuwar da maraƙi ke barci a ciki, wadda wanda ya rene ta ya rene ta da haƙuri, bai taɓa ɗaga mata sanda ba. Ya ce wanda ya same ta ya daina yawo. Kaji suka daina tono. Wata maƙwabciya ta leƙo ta saman katanga da ludayi a hannu.

Da ya yi shiru, kunya ta rufe shi, ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa. Bamanga ya yi maza ya gyara murya.

"Mama, abin da yake nufi shi ne, ginin na da inganci, kuma unguwar..."

"Cewa ya yi gidana na da faɗin ƙugu," in ji ta. "Shekara ashirin da biyu ina karɓar haihuwa a rugagen Nafada, Malam Bamanga. Na ji har inda ya ce za ta cika ƙwarya uku a tatsa ɗaya."

Ta yi dariya har waken ya zube daga faifai, sannan ta goge ido da bakin zane, ta daɗe tana gogewa fiye da yadda dariya ke bukata.

"Noah bai taɓa ɗaga wa kowa sanda ba," ta ce. "Wannan ka faɗi gaskiya. Ku kira mai unguwa kafin la'asar, ni zan ba na Potiskum haƙuri."

Aka rubuta takarda a gaban shaidu, maƙwabta na dama da hagu duk suka ce sun yafe. Saura kwana huɗu wa'adi ya cika Kadijatu ta shigo da kwanukanta a Keke Napep biyu. Mama Elizabet na jiran su a zaure, kayanta na cikin motar da za ta kai ta Kaltungo. Ta ɗora wa Joda makullai a tafin hannu, amma ba ta saki ba tukuna.

"Malam, tunda ka zama mai gida, bari in gaya maka abin da idonka bai gani ba. Katangar da ka zaga lafiyarta lau, za ta binne mu duka. Ɗakin tsakiya ne ke yoyo, daidai inda za ka sa gado. Akwai gara a bayan madafa, ni da ita mun yi shekara tara muna shari'a. Gwaibar kuma rabinta na yaran unguwa ne, ko ka yarda ko ba ka yarda ba."

Joda ya waiwaya ya dubi rufin ɗakin tsakiya.

"Kai da ka iya duba haƙoran saniya," ta ce, ta sakar masa makullan. "Sai ka nemi bokiti kafin ruwan ƙarshe ya sauka."