Zabuwar da ta tsere daga kasuwar Dapaong

A lokacin ina aikin buga takardu a wani shagon fotokopi kusa da tashar motoci a Sokodé. Ɗalibai su kawo rubutunsu, 'yan kasuwa su kawo wasiƙun da za su kai ofis, ni kuma in buga musu da Faransanci. Da zarar shago ya yi shiru sai in buɗe shafina na intanet in ci gaba da labarin da nake rubutawa da Hausa. Na yi shekara biyu a haka, masu karanta ni ba su wuce yayata da wata ƙawarta ba.

Na san akwai irina. Na taɓa cin karo da shafin wata ma'aikaciyar jinya a Aouda, kudu da Sokodé, da na wani mutum a Dapaong, can arewa, mai rubuta labaran fatake da direbobi. Amma kowa na can yana ta nasa, babu wanda ya san da wani.

Wata rana ina ƙoƙarin canja launin shafina sai na gano ana iya saka wata 'yar taga a gefe, wadda za ta riƙa nuna duk sabon labarin da wasu shafuka suka fitar, ita da kanta. Na zuba mata adireshin shafukanmu uku, ta ba ni wasu layuka na haruffa da alamomi a cakuɗe. Duk wanda ya manna su a shafinsa, tagar za ta fito masa. Ban ko tsaya cin abincin rana ba, na tura wa su biyun.

Ma'aikaciyar jinyar ta saka tata a ranar. Mutumin Dapaong kuwa sai bayan kwana huɗu ya amsa: "Na gode. Na gwada, abin ya ƙi. In Allah ya kawo ki garinmu, ki nemi rumfar albasa da ke bayan masu kaji."

Allah kuwa ya kawo ni, don ba a yi wata ɗaya ba 'yar ƙanwar babata ta haihu a can. Ana gama suna na hau babur zuwa kasuwa. A raina saurayi zan tarar, mai tabarau. Sai ga dattijo mai farin gemu, mutumin Nijar, zaune a tsakiyar buhunan albasa.

"Ke ce mai tagar?" ya tambaya.

"Ni ce, Baba."

"To zauna, ɗiyata. Kin hana ni sukuni."

Ya zaro wani kwali daga aljihu. Ashe layukan da na tura masa ya kwafe da biro, harafi bayan harafi, sannan ya riƙa shigar da su wayarsa da yatsa ɗaya. Sau uku ya yi hakan, kowane karo wata 'yar alama ta kuɓuce masa. Na karɓi wayar na nuna masa yadda zai danne rubutu har ya yi shuɗi, ya ɗauko shi ɗungurungum ya ajiye inda yake so. Ya dubi wayar, ya dubi kwalinsa, sai ya fashe da dariya har yana share hawaye da hannun riga.

Tagar ta fito a shafinsa. Ga sunan labarina, ga na 'yar Aouda a ƙasa.

"Saura gwaji, Baba," na ce. "Rubuta wani sabon abu, mu ga ko zai fito a nawa."

"Yanzu? Me zan rubuta?"

Bai rufe baki ba hayaniya ta tashi a wajen masu kaji. Wata zabuwa ce ta fasa kwando, ta yi sama, ta bi ta kanmu, matar da ke sayar da ita na biye da ita da zane a hannu. Zabuwar ta sauka a kan lodin wata babbar motar albasa da ke fita daga kasuwa, direba bai san abin da ake ciki ba, ya ƙara wuta.

Dattijon ya sunkuya kan wayarsa. Da ya gama ya karanta mini: "Wata zabuwa ta bar kasuwar Dapaong yau ba ta yi sallama da kowa ba. An gan ta a kan motar albasa ta nufi kudu. Wanda ya haɗu da ita ya ba mu labari."

Ya tura. Na buɗe nawa shafin, babu komai. Na sake buɗewa, shiru. Ya ɗora shayi a ɗan murhunsa yana cewa in kwantar da hankalina, amma shi ma idonsa na kan wayata. Muna kan kofi na biyu sai ga shi a saman tagata, sabo fil. Na yi ihu, na miƙe tsaye har na tunkuɗe tiren albasa. Maƙwabtansa suka leƙo. Shi kuwa ya karɓi wayoyin biyu ya jera su a tafinsa yana nuna musu.

"Ku duba! Nan na rubuta shi, ga shi can a Sokodé!"

Washegari na kama hanyar gida. Mun wuce Mango na leƙa tagar, sai na ga sabon labari daga Aouda. Ma'aikaciyar jinyar ta rubuta cewa zabuwar ta iso asibitinsu da safe, ta shiga layin masu awon ciki, ta ƙi yarda a tsallake ta. Dariya ta kuɓuce mini a cikin mota. Wata hajiya da ke gefena ta ce, "'Yar nan, lafiya?" Sai na karanta musu duka biyun da ƙarfi.

Nan fa mota ta ɗauka. Wani ya ce ai bai kamata ta wuce Sokodé ba ta tsaya ba, wannan raini ne. Hajiyar ta ce a dawo da ita ta Kparatao, a kan babur ɗin mai doya. Direba ya ce shi dai a saka shi a ciki, a ce shi ne ya ba ta ruwa a Kara. Na riƙa rubuta abin da suke faɗa a bayan takardar gayyatar suna, mota na girgiza, rubutun ya karkace.

Da muka sauka ban je gida ba. Da jakata na shiga shago na buga nawa kason na tura.

Zabuwar ta yi mako shida tana yawo a tsakanin shafukanmu. Mutanen da ban taɓa sani ba suka fara bar mini saƙo, wasu ma suka koma baya suka karanta tsofaffin labaraina. Wata tela a Kara ta nemi a saka ta a tagar, sai wani malamin makaranta, sai wani direban tirela da ke rubutu a duk inda ya yada zango. Kafin damina ta ƙare wani ma ya biyo baya, mun zama mu bakwai.

Ranar da aka saka na bakwai ɗin, dattijon ya kira ni, ina jin kukan kaji a bayansa.

"Ɗiyata," ya ce, "jiya wani ya zo rumfata takanas daga Cinkassé. Na fara kwance masa buhu, ya ce shi ba albasa ya zo saye ba, zuwa ya yi ya ji ƙarshen labarin fataken nan. Na ce masa ni ma ban sani ba tukuna, ya zauna mu sha shayi."