Babana Mai Ƙera Akurki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka, Baba, bayan jinyar kwana shida.

A sanarwar da yayanka Baffa ya rubuta, an kira ka tsohon ma'aikacin ofis. Ba a yi ƙarya ba, amma an ɓoye ka. Ni 'yarka zan faɗa da babbar murya: kai mai ƙera akurkin kaji ne, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba.

Da wasa ka fara, ranakun hutu, a bayan ɗakin Mama, da guntayen katako da ragowar raga. Maƙwabta suka gani suka roƙa, ka yi musu kyauta. Ranar da ka ajiye aiki ka kama rumfa a bakin titi, dangi suka ce ka zubar musu da mutunci. Ko a jikinka.

Ba ka taɓa miƙa akurki ga mai shi ba sai ka rarrafa ciki da tsakar rana, an rufe ka minti goma. In gumi ya karyo maka, ka fito ka ɗaga rufi, ka ƙara taga. Masu wucewa su yi ta dariyar dattijo mai furfura a tsugune. Kai kuwa ka ce, "Ku dara. Ita kazar wa za ta gaya wa zafi ya dame ta?"

Wata mata da mijinta ya rasu ta zo gaisuwa da ƙwai cike da kwano. Ta ce zafi ya taɓa ƙarar mata da kaji, ka je ka sake mata akurki ba ka karɓi komai ba, kuma da shi take ciyar da marayunta. Na yi kuka sosai.

Kwana uku da binne ka, Baffa ya kawo mai sayen zarto da guduma, ya nemi mukullin rumfa a wurina. Na ce masa ni zan ci gaba da aikinka.

Ya ce, "Mace da aikin kafinta? Rufa mana asiri, 'yata."

Na ce, "Baffa, a rumfar nan asirinmu ya rufu."

Ban ɗaga masa murya ba, amma ban miƙa ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka. Ina yi wa Mama da ƙannena ta'aziyya, da Baffa, wanda ya yi rashin ƙane, Allah Ya ba shi haƙuri. Ya ƙara masa da wani haƙurin, domin gobe da safe zan buɗe rumfa.