Yadda Mai Wanki Ta Rasa Sunan Ƙungiyarta

Shekara ashirin da shida Mai Wanki ta yi a ɗakin wanki na babban asibiti, can baya kusa da inda ake ƙona shara, har sunan aikin ya danne nata. Doguwa ce busasshiya, hannuwanta duk sun yi kanta saboda sabulu da ruwan zafi. Ba ta da fara'a, kuma ba ta taɓa yaudarar kowa cewa tana da ita ba. Idan nas ta turo zannuwan gado ba ta ware mai jini daban ba, sai ta tattaro su ta kawo har kan teburinta ta dire. Hatta likitoci ratse mata suke yi a baranda.

Mijinta ya rasu tun da sauran ƙuruciyarta, ya bar ta da 'ya ɗaya. Ban da 'yar akwai ƙaninta, Auta, wanda ta riƙe tun bayan iyayensu. Da wankin nan ta yi masa makaranta har ya gama, ya buɗe shagon buga takardu a titin kotu: kwamfuta biyu, injin kwafi ɗaya, da baki mai zaƙi kamar an lasa masa zuma.

Wurin karɓar zannuwa ne ta fara lura da gadajen da babu kowa a gefensu. Wanda mota ta buge aka kawo ba a san nasa ba. Tsohuwar da 'ya'yanta suka ajiye suka ce za su je su dawo. Irin waɗannan sai su kwana uku cikin ƙazanta. Ta shiga tsayawa bayan an tashi aiki tana yi musu wanka, tana yi tana faɗa.

“Ɗaga hannun mana! Ko shi ma haya ka ɗauko?”

A hankali wasu mata suka biyo ta: Tela, da Matar Direba, da Malama wadda ta yi ritaya daga koyarwa. Kafin Mai Wanki ta ajiye aiki sun kai su goma sha ɗaya. Wani tsoho da suka yi jinya wata biyu shi ya raɗa musu suna, ya ce su ne Dangin Mara Dangi. Tela ta ɗinka sunan da jan zare a ƙirjin rigunan aikinsu, suka shekara tara da shi.

Sai aka kawo sabon shugaban asibiti, ya ce daga yanzu babu ƙungiyar da za ta taka ɗakin majinyata sai da takardar rajista. Ya ba su wata uku. Mai Wanki ba ta ko tsaya shawara ba, ta tattara hotuna da katunan shaidar matan ta kai wa Auta.

“Yaya, ki je ki kwanta,” in ji shi. “Wannan ai aikina ne. Ko tsinke ba za ki ɗaga ba.”

Wata uku ya wuce, na huɗu ya shiga. Kullum amsarsa ɗaya, takarda na hanya. Ranar da mai gadi ya tare su a ƙofa, mutumin da ita ta yi jinyar uwarsa, yana sunkuyar da kai yana cewa umarni ne daga sama, daga nan ta zarce titin kotu tare da Malama.

Auta ba ya nan. Amma a bango, sama da injin kwafi, ga wata takarda cikin gilashi da hatimi ja. Mai Wanki ba ta yi boko ba, sai dai ta san siffar sunan nan kamar yadda ta san fuskar 'yarta.

“Malama, karanta min.”

Malama ta gyara tabarau ta karanta a zuci.

“Na ce karanta min, ba haddace ba.”

Sunan nasu ne, babu ko ɗigo da ya canza. An yi rajistar tun wata biyu da suka wuce. Amintattun ƙungiya su uku ne: Auta, da matarsa, da abokinsa mai kemis. Cikin mata goma sha ɗayan nan babu sunan ko ɗaya.

Suna tsaye Auta ya shigo yana kaɗa makullin babur. Ya ga inda idanunsu suke, murmushin ya ɗan kubce masa, ya yi sauri ya mayar.

“Yaya! Ai mamaki na so in ba ki.”

“Ka ba ni kuwa. Ina sunana?”

“Zauna tukuna in yi miki bayani.”

“Ƙafata lafiya lau take. Ina sunana?”

Ya ce abin da ba ta gane ba shi ne, ƙungiya yanzu ba wankin kashi ba ce kawai. Akwai taro, akwai rahoto, akwai manyan baƙi masu son ganin wanda zai amsa musu da turanci. In aka ce shugaba ta sa hannu, da babban yatsa za ta dangwala? Ya ce ya tanadar mata muƙami na musamman, uwar ƙungiya, har da kujera a gaba ranar taro.

“Kujera,” in ji ta. “Ni da na wanke maka gindi za ka ba kujera. Kai ko fo ɗin majinyaci ka taɓa ɗauka? Da ka zo duba ni ɗakin wanki, ba hanci ka toshe ba?”

“Yaya, akwai mutane a nan.”

“Su ji! Ɓarawon suna! Wasu na satar akuya, kai ka rasa abin sata sai zufar tsofaffi.”

Ta kai hannu za ta fizgo gilashin daga bango, Malama ta riƙe ta. Nan Auta ya ajiye ladabi gefe. Ya ce takarda dai ta fita da sunansa, doka ta san shi, ita kuwa ba ta san da ita ba. In tana son shiga asibiti ta zo ƙarƙashinsa, in ba ta so ga hanya nan.

Washegari suka tafi ofishin rajista. Hawa na biyu ne, dogon ɗaki mai benci huɗu da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an yi mata dole. Sai bayan azahar layi ya zo kansu. Akawun, wani mai furfura a gemu da biro a bayan kunne, ya saurare ta ba tare da ya ɗago ba.

“An buga sanarwa a jarida, aka jira kwanakin ƙorafi. Me ya hana ki zuwa?”

“Na yi maka kama da mai karanta jarida?”

“Wannan kuma ba laifina ba ne, Baba.”

“Ban haife ka ba.”

Ya ɗago ya dube ta sosai. Ya ce tana iya zuwa kotu, amma ta yi shirin tsufa a can. Abin da ya fi sauƙi su nemi wani suna. Ya turo musu fom, ya ce su kawo suna biyu, idan na farko bai shiga ba a duba na biyu.

Bayan mako guda suka yi taro a shagon Tela, suna zaune kan buhunan ƙyalle. Da ƙyar aka ji maganar wani. Matar Direba ta ce a haƙura a shiga ƙarƙashin Auta mana, tunda majinyata ba suna za su ci ba, ga shi yau kwana tara babu mai juya su. Mai Wanki ta juyo mata.

“Nawa ya ba ki?”

“Ni? Ni za ki gaya wa haka? Shekara bakwai ina bin ki kina zagina ina shanyewa!”

Matar Direba ta cire rigar aikin ta jefa kan keken ɗinki ta fita, mata biyu suka bi bayanta. Mai Wanki ta san maganar kwana taran nan gaskiya ce, ta kuma san ta zalunci matar, amma ba ta kira ta ba. Cewa ta yi a rufe ƙofa, ƙuda na shigowa.

Suka kai Dangin Mara Dangi Na Asali. Akawu ya ja masa layi, ya ce ya yi kama da wanda ke akwai. Na biyun, Ƙungiyar Masu Jinya Ta Ƙasa, shi ma ya soke, wai kalmar ƙasa sai da izini na musamman.

“Ƙasar ma ta gidanku ce?” in ji Mai Wanki.

“Ki kawo wani dai.”

Suka dawo da Hannun Taimako, ya juyo musu da fuskar kwamfuta: akwai irinsa har huɗu. Tausayi an ɗauka. Jinƙai an ɗauka. Zuwa na huɗu Mai Wanki ta ce masa da alama duk kalmar kirki a duniya wani maƙaryaci ya riga ya yi mata rajista. Akawun ya danne dariya ya ce shi bai ce ba.

Suna saukowa daga benen, Tela ta yi tsaki ta ce, “Mu dai da ma masu bokiti ne. Haka nas-nas ke ce mana in mun juya baya. Ga masu bokitin nan sun zo.”

Mai Wanki ta tsaya cak a matakala.

“Su wa ke faɗa?”

“Kowa. Ke ce kawai ba a faɗa a gabanki.”

Malama ta ce haba, wannan ai zagi ne, wane babban mutum zai dubi ƙungiya mai suna haka? Mai Wanki ta ce shi ya sa ma. Sunan da babu mai kwaɗayinsa take so, wanda ko a titi aka yar Auta ba zai sunkuya ya ɗauka ba. Suka koma sama. Akawu ya buga Mata Masu Bokiti, ya jira, ya ce wannan kam babu mai shi, kuma ba ya jin za a samu.

A wannan karon ita da kanta ta kai sanarwar gidan jarida, ta sa 'yarta ta karanta mata sau uku. Kwanakin jiran kuma ta cinye su tana koyon sa hannu a bayan tsohuwar kalanda, Malama na gyara mata riƙon biro, ita tana cewa biron ne ba shi da kyau. Ranar karɓar takarda akawu ya turo mata tawadar dangwale, ta ture ta gefe da bayan hannu. Ta ɗauki kusan minti biyu tana jan layukan, mutanen da ke bayanta suna gunaguni, ba ta ko waiwaya ba.

Wata biyar cif suka yi ba su shiga ɗakin majinyata ba. Da suka koma, uku daga cikin waɗanda suka bari sun rasu. Wannan ne abin da ba ta yafe ba.

Kawunsu, ƙanin mahaifiyarsu, ya kira su sulhu a falonsa. Auta ya zo da sabuwar mota mai ɗauke da tsohon sunan a jikin ƙofa. Ya durƙusa ya ce a yi haƙuri, shaiɗan ne. Kawu ya ce to ta ji, jini ɗaya ne, ta sa masa albarka a wuce wurin.

“Zai mayar da sunan?”

Auta ya ce wannan kuma akwai wuya, an riga an buga shi a takardu da yawa.

“To Kawu, me ka kira ni in yi?” Ta ɗauki mayafinta. “Ka gaishe da mutan gidan.”

Ƙungiyar Auta tana nan har yau, da ofis da labule, kuma sau biyu a shekara sukan zo asibitin su raba sabulu a ɗauki hoto. Masu Bokiti su tara ne yanzu. Matar Direba ta dawo bayan shekara ɗaya, babu wanda ya ba wani haƙuri, ranar ma da faɗa suka rabu kan wanda ya bar tawul a jiƙe. Gwiwoyin Mai Wanki sun fara ƙi, 'yarta ce ke riƙe da takardun. Ita kuwa takan zauna kan kujerar roba a bakin ɗakin mata, sanda a tsakanin ƙafafu, tana duba farcen duk wadda za ta shiga. Wadda ba ta yanke ba, gida za ta koma.