Wuƙar Malam Kyauta

Ni ce Rakiya mai figar kaji a Magarya, kuma ina cikin waɗanda suka cuci Malam Kyauta. Gara in faɗa da bakina tun yanzu.

Malam Kyauta mutumin Bande ne. Ba shi da gonar kirki, karatunsa ma bai yi nisa ba, abin da Allah ya ba shi hannu ne da wuƙa. Shekara arba'in yana yi wa mutane yanka: kazar mai jego, ragon suna, akuyar da ta ci leda ana tsoron ta mutu. Mace kan tsallake gidaje uku masu maza ta kai masa, don an san in dabba ta riga ta mutu zai ce miki mushe ce, ki yi kukanki ki gama. In aka ce yankan Malam Kyauta ne, magana ta ƙare. Sunan nan shi ne dukiyarsa duk duniya. Da tsufa ya zo sai yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa, amma hannun bai manta aikinsa ba.

A lokacin ne Yasin, ɗan ƙanwarsa, ya dawo daga Kano da injin niƙa nama da firigo, ya buɗe rumfa kusa da lise, makarantar sakandaren nan ta Magarya. Abin da yake soyawa shi nagit yake ce masa, mu kuwa ƙosan kaza. Ni da ke bayan rumfa na san cikinsa. Tsoka 'yar kaɗan ce. Saura fata ce da kitse da wuya da guringuntsi, a niƙe su su yi laushi kamar ƙullin waina, a zuba farin, wato fulawa, da magi da tafarnuwa, a mulmula, a birkiɗa a garin busasshen burodi, a jefa a mai. Daɗi kam akwai, ba zan yi masa ƙarya ba.

Amma mutanenmu ba sa yarda da naman da ba su ga ƙashinsa ba. Sati biyu ba ciniki. Yasin, shegen wayo, ya hau babur har Bande ya ɗauko kawunsa da matar kawun, Fadi, ya kama musu ɗaki. Da safe tsoho ya yi yanka a baya, da hantsi a zaunar da shi a benci a gaba kowa ya gan shi. Nan da nan ma'aikata da matansu suka yi ca, har ana aikowa daga Waca.

Sai bazara ta shigo. Kajin daga kasuwar Guci ake kawo su, a cushe cikin kwando a bayan babur, rana na dukansu. Kafin su iso, cikin talatin biyar ko shida sun sheƙa. Yasin ya ce ba zai zubar ba, injin ba ya tambaya. Ya ce in miƙa wa tsoho su da sauran ɗuminsu, in riƙe ƙafafu in riƙa fizga kamar tana shure-shure. Na ce a'a sau ɗaya. Ya ce masu figa sun yi yawa a gari. Na riƙe, na fizga. Tsoho ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa a wuyan mushe.

Wata biyu muna haka. Wani lokaci yakan shafa hannunsa ya ce jinin yau bai yi tsartuwa ba, ni kuwa in ce kajin ne ba su da jini, zafi ya tsotse su. Kai, bakina ya iya ƙarya, har ni abin ya ba ni tsoro.

Ran nan babur ya lalace a hanya, kaji suka iso a makare. Na miƙa masa wata da ta riga ta sandare. Ya sa yatsa ƙarƙashin fiffikenta, ya daɗe bai cire ba. Ni kuma ina can ina ta fizgar ƙafa kamar sakarya.

"Ɗiyata, bari haka nan," ya ce. "Tun yaushe?"

Na gaya masa.

Da wani ne, da ya yi shiru ya koma ƙauyensu. Shi kuwa da aka sallame la'asar sai ya miƙe a masallacin unguwa ya faɗi komai, ya ce duk wanda ya ci ya yafe masa. Aka kira Yasin. Ya zo da farar shadda yana girgiza kai, ya ce shi kaji yake saye, yanka na kawu ne, in makaho ya kasa bambanta mai rai da matacciya shi ina ruwansa. Aka aiko aka tambaye ni. Na ce ni figa ce aikina, ban ga komai ba.

Mutane sun ci, sun ba 'ya'yansu, dole haushin ya sauka kan wani, kuma tsoho ne ya fi sauƙin taka. Har na Bande suka fara lissafin ragunan sunan da ya yanka musu shekaru goma baya, suna cewa wa ya sani. Yasin ya rufe rumfa sati ɗaya, ya ɗauko wani mai yanka mai ido biyu, ya sake buɗewa. Ina nan ina figa har yau.

Da layya ta zo, Malam Kyauta ya wasa wuƙarsa tun da safe don ɗan bunsurun da Fadi ta yi kiwo. Fadi ta ce masa in shi ya yanka, duk gidan da ta aika wa nama dawo mata da kwano za a yi. Ta kira maƙwabci. Mutumin ya zo da tasa wuƙar, ya ce wa tsoho ya kama masa ƙafafun baya. Ya durƙusa ya kama.

Ni ma Fadi ta aiko mini da kasona, tsoka uku da hanta. Na soya na ci.