Siririn Layin Malam Jibo

Malam Jibo, mai rubuta allunan shaguna a Rogo, mutum ne mai sauƙin kai a komai, ban da harafi. Kwalin turare ne ya juya masa kai. Yayarsa Hajiya Saudatu ta kawo masa tsarabar Makka, ya miƙa wa matarsa turaren, shi ya riƙe kwalin. Haruffan jikinsa kowanne gefe ɗaya kakkaura, ɗaya gefen siriri kamar zaren ɗinki, ga 'yan ƙafafu a ƙasa. Daga ranar Jibo ya rantse haka zai riƙa rubutu, har ya koma jan siririn layin da gashin zabo.

Mu kuwa mutanen Rogo daga kan babur muke karanta allo, ba ma tsayawa. Lado mai taki ya ƙare wa nasa kallo ya ce, "Malam Jibo, fentin ne ya ƙare, ko haruffan azumi suke yi ta gefe guda?" Dole Jibo ya hau ya ƙara musu kauri, yana huci. Haka ya yi ta fama da mai shayi da mai kemis. Burinsa guda ne a duniya: a bar masa allo ɗaya yadda ya rubuta shi.

Da Hajiya Saudatu ta buɗe shagon turaren wuta, ta ce, "Ƙanena, yi yadda ka ga dama, in dai ba za ka sake yi mini wa'azin ƙafafun harafi ba." Allon ya yi kyau, wallahi, in ka matso har hancinka ya kusa taɓa shi. Amma rana da damina guda suka cinye siraran layukan, ya koma kamar jerin turakun shinge. Wani mutumin ƙauyen Turawa har shiga ya yi yana tambayar azara. Jibo ko a jikinsa. Duk ƙarshen damina sai ya ɗauko tsani ya mayar da layukansa, shekara da shekaru.

Bana ni maƙwabcinsa na riƙe masa tsanin. Hannunsa ya fara rawa, idon ma ya yi rauni, duk layin da ya ja sai ya fito da kauri. Yana gamawa Lado ya taka birki, ya karanta allon tun daga bakin titi.

"Alhamdulillahi! Malam Jibo, sai yanzu ka iya aiki!"

Jama'a suka taru ana yi masa barka. Ni dai raina ya ɓaci, na rasa wa zan zaga. Jibo ya sauko a hankali, ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya miƙa wa yayarsa gashin zabon.

"Yaya, ajiye mini wannan," ya ce. "Kin ji dai, an ce na iya."