Ƙarfen da Ya Ƙi Tsatsa

Shekarun baya, zamanin da unguwar Aziziyya take rabi gini rabi fili, ina tuƙa wa wani attajiri mota a Jidda. Shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini nake zaune a ƙasar, shi ne kuma kafilin yayana. Ni aikina bai wuce riƙon sitiyari da yawan surutu ba. Yayana kuwa maƙeri ne ɗan maƙera, tun daga Sudan inda aka haife mu, kuma attajirin ya ba shi wata 'yar warsha, wato shagon aiki, a unguwar Sa'alaba yana gyara wa mafarauta bindigogi.

Abin da ya yi suna a kai shi ne baƙanta ƙarfe. Wanda ya zauna Jidda ya san iskar tekunta, ko allura ka manta a taga sai ta yi ja. Kowa na kuka da ita, yayana kuwa da ita yake cin abinci. Sai ya wanke ƙarfen bindiga tas, ya shafa masa wani ruwa mai tsami, ya rataye shi inda iskar ke kaɗawa har tsatsa ta rufe shi. Daga nan ya tafasa shi a ruwan daɗi, jan ya koma baƙi, ya goge, ya sake ratayewa. Haka zai yi ta maimaitawa har ƙarfen ya yi baƙi siɗik, irin baƙin da ba ya ƙyalli a rana, kuma yake tare wata tsatsar.

Ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma burinsa ɗaya ne a duniya: ajali ya same shi a ƙasar nan, a kai shi Makka a sallace shi a Harami. Nakan tsokane shi in ce kowa ya zo neman inda zai rayu, shi ya zo neman inda zai mutu. Sai ya yi murmushi kawai. Wannan buri a jikin iƙamarsa yake rataye, wato takardar izinin zama, iƙama kuwa tana hannun kafili.

Wata rana kafilin ya sa na kai shi warshar, rungume da doguwar jaka. Bindiga ce aka ƙero masa ta musamman daga ƙasar waje, zai ba wani babban mutum da yake neman surukuta da shi idan lokacin farautar sanyi ya zo. Ban taɓa ganin irinta ba. Sakatar, wato ƙarfen da ake ja baya a tura harsashi, da gidan da take shiga, duk fari ne fat kamar sabon faranti.

"Ya mu'allim, baƙa nake son ta," in ji kafilin, da kiran da ake yi wa gwanin sana'a. "Wannan ƙyallin, barewa za ta hango shi kafin mu hango ta."

Yayana ya juya ta, ya karce gefen sakatar da farce, ya kai ta hanci. Na ga fuskarsa ta sauya, domin na san shi. Amma a gidanmu na maƙera ba a buɗe baki a ce ƙarfe ya gagara, balle a gaban mai gida. Sai ya ce, "In sha Allah, ya ammi," wato baffa, yadda muke kiran kafilin.

Ya shafa ruwansa ya rataye. Ƙusoshin da ke jikin bango suka yi ja, wayar da ya rataye ta da ita ta yi ja, sakata ko gezau. Ya ƙara wa ruwan ƙarfi. Ya haɗa da gishiri. Ya naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu. Har bakin teku ya kai ta ya zauna yana gadinta. Duk abin da ya samu shi ne wasu 'yan ɗigo-ɗigo marasa kyan gani, da ya sha wuya kafin ya goge su. An yi ƙarfen ne don kada ya yi tsatsa, shi kuwa duk iliminsa ta ƙofar tsatsa yake shiga. Ya rame, ya daina hira, matarsa ta riƙa mayar da tuwo yadda ta kawo shi.

Na same shi wata la'asar ya tasa ta gaba. Ni da na iya ba da shawara a kan abin da ban sani ba, na ce ya shafa mata baƙin fenti a huta. Ya ce sakata shiga take tana fita, fenti zai ɓare ya cushe gidan, ta ƙi motsi a ranar da ake bukatarta. Na ce to ya sa ta a wuta ya tsoma a mai, yadda mahaifinmu yake baƙanta wuƙaƙe. Nan ya ɗago ya dube ni.

"Wannan ƙarfen shi ke tsakanin harsashi da fuskar mai harbi. In na sa masa wuta ya yi laushi, ran da ya saki, goshin wa zai samu?"

Na ce in haka ne, a gaya wa mutumin gaskiya tun da sauran lokaci. Ya ce in ƙara masa 'yan kwanaki, akwai dabarar da bai gwada ba. Babu wata dabara. Kunya ce kawai, kuma 'yan kwanakin suka yi ta haihuwar 'yan'uwansu har sanyi ya shigo.

Daga ƙarshe ya sa na ɗebo masa lallausan yashi daga bakin tekun Abhur. Ya tankaɗe shi, ya zauna yana murza ƙarfen a hankali, yana kauce wa wuraren da ke haɗuwa da juna, har ƙyallin ya mutu ya koma ruwan toka. Ya ɗan shafa maiƙo inda fari ke gogar fari, don ya lura suna son kama juna idan sun bushe. Wallahi aikin ya yi kyau, sakatar tana tafiya sumul. Sai dai ba baƙa ba ce.

Ana jibi tafiya farauta muka kai ta. Kafilin ya daɗe yana kallonta. Yayana ya yi masa bayanin fenti da na wuta, yana magana yana duban tabarma.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," in ji kafilin. "Amma me ya hana ka faɗa mini tun ranar farko? Da na mayar wa waɗanda suka ƙera ta, sun san yadda za su yi."

"Kunya na ji, ya ammi."

"Halas," in ji kafilin. "Shi ke nan."

Bai yi faɗa ba, kuma ko ni da nake ɗan'uwa ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Ya nemi wata kyautar ya kai wa mutuminsa. Amma daga ranar bai sake taka warshar ba. Da lokacin sabunta iƙama ya yi, sai aka aiko cewa ba za a sabunta ta yayana ba, warshar kuma za a mayar da ita ma'ajiyar tayoyi. Na yi ta roƙon kafilin a mota. Ya ce yayana ya tsufa, gara ya koma ya huta cikin danginsa, kuma shi zai ɗauki nauyin jirgi. Har ga Allah yana ganin alheri ya yi masa. Mun nemi wani kafilin, amma wa zai ɗauki tsohon da hannunsa ya fara rawa?

Ni na kai su tashar jirgin ruwa, shi da matarsa. Bai yi kuka ba, ni na yi. Ya dafa kafaɗata ya ce in riƙe aikina, in rage surutu. Bai daɗe da sauka Sudan ba ya kwanta, kuma a can aka binne shi.

Na sha juya wannan abu ina neman darasi a cikinsa. Iyakar abin da na samu shi ne, "ban iya ba" tana da araha ranar farko, kullum ta kwana sai ta ƙara tsada. Amma na kasa ganin laifinsa, domin da abin da aka raine shi ya yi aiki, kuma da ya bi shawarata wataƙila da wani ya rasa fuskarsa. Abin da ke cin raina shi ne, ni da ban taɓa roƙon mutuwa a ƙasar nan ba, ga ni na tsufa a cikinta.

Idan na je Harami aka idar da salla, aka yi kiran sallar gawa, nakan miƙe cikin sahu. Ban san wanda aka ajiye a gaba ba. Ina yi masa addu'a yadda ta wajaba, sai in ƙara da sunan yayana.